Baƙin Hannu a Ƙarƙashin Faranti

Kwalin ya daɗe a saman kabad har ƙura ta yi masa hula. Mai Guga ta san yana nan. Duk sanda ta miƙa hannu za ta ɗauko bargo sai idonta ya faɗa kansa, ta yi maza ta kawar da kai kamar wadda ta haɗu da surukinta a lungu.

Mijinta ne ya sayo shi. Mai gyaran firji ne, mutum mai son wasa kamar bai girma ba. Ranar da ya shigo da kwalin a hammata yana ta washe baki, ya ce mata wannan ba irin karta ba ne da kowa ke neman ya kayar da ɗan'uwansa.

"Gida ne mai fatalwa," in ji shi. "Ko mu fita gaba ɗaya, ko ta cinye mu gaba ɗaya. Mutum huɗu yake so. Ni, da ke, da Ƴar Baba, da wancan sarkin surutun." Ƙanensa direba yake nufi.

Ita kuwa tana tsaye a bakin teburin guga, rigunan mutane sun yi tsibi a gabanta. Ta ce, "Fatalwa ta jira. Masu kaya ba sa jira. Bari gobe."

Goben ta zo ta wuce. Ya sake yi mata magana, ta sake cewa gobe. Wani lokaci za ta hango shi a falo shi kaɗai, ya sa tabarau yana bin ɗan littafin ƙa'idojin da yatsa, yana jera abubuwa yana kwashewa. Ba ta taɓa leƙawa ba. Kuma ba ta taɓa ce masa a'a ba, wannan shi ne abin da ya fi cin ta daga baya. Gobe kawai take cewa, har ranar da aka zo daga shago da rana tsaka aka ce ya sunkuya zai ɗaga wani firji, bai miƙe ba.

Ƴarsu ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya. Unguwa duk Nas ake ce mata, ubanta kaɗai ke kiranta Ƴar Baba. Tun da aka yi rashin sai yarinyar nan ta rufe kamar an sa mata kwaɗo. Za ta dawo daga aiki ta yi sallama, ta ɗauki abincinta ta shige ɗaki. Ba rashin kunya, ba faɗa, sannu da yauwa ne kawai ya rage a tsakaninsu. Mai Guga kuwa ta sa wa ranta cewa yarinyar laifinta take gani, ita ma ba ta ga dalilin da zai sa ta musa ba.

Sai ga shi wata safiya Nas ta tsaya a ƙofar ɗakin guga ta ce an ba ta ɗaki a gidajen ma'aikata kusa da asibiti, ƙarshen mako za ta koma can. "Ya fi sauƙi, Umma. Saboda zirga-zirga."

"To," in ji Mai Guga. Ta ci gaba da guga. Sai da ta ji ƙauri sannan ta lura dutsen ya daɗe a kan wuyan rigar wani.

Ana gobe tafiyar, babbar jaka ta riga ta tsaya a bakin ƙofar falo, an cika ta an zuge. Mai Guga ta zagaye ta sau da yawa kamar mai zagaye rijiya. Ta san idan jakar nan ta fita, ba ƴar tazara ce za ta shiga tsakaninsu ba. Bayan azahar ta kashe dutsen guga, ta taka kujera ta sauko da kwalin, ta goge shi da gefen zaninta. Ta kira ƙanen mijinta a waya, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Mai Kitso. Daga nan ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar ƴarta.

"Wasan babanki ne," ta ce. "Mutum huɗu yake so. Ke kaɗai za ki iya karanta mana."

Nas ta daɗe tana kallon kwalin. Har Mai Guga ta fid da rai, sai ta ga ta fito ta zauna a gefen tebur, can nesa da ita.

Direba ya shigo yana kaɗa makullin mota. "Matar Yaya, yau rana ta ina ta fito? Ke da wasa? Ko dutsen gugar ne ya yi yaji?"

"Zauna ka rufe mana baki," in ji ta, ta tura masa kofin shayi.

Mai Kitso ta zo da kibiyar tsifa a kanta ta manta ba ta cire ba. Tana ganin hoton da ke jikin kwalin, tsohon gida da wata doguwar inuwa a taga, ta ja da baya. "A'uzubillahi. Maman Nas, ni fa ko kyankyaso ya tashi sai na bar masa ɗaki."

Aka buɗe kwalin. Komai a jere yake tsaf, yadda mutumin yake jera notuna da ƙusoshi a shagonsa. Katunan an ɗaure su da roba, ƴan mutum-mutumin suna cikin leda. Ƙananan abubuwan wasan kuma, waɗansu ƴan faya-fayai kamar maɓallin riga, an rarraba su cikin fararen kwalabe na roba, kowane launi da kwalbarsa. Kwalaben suna da yawa.

Nas ta ɗauki ɗaya za ta buɗe, sai hannunta ya tsaya. Ta juya kwalbar ta karanta takardar da ke manne a jiki. Ta ɗauki ta biyu, ta ɗauki ta uku.

"Lafiya, Likita?" in ji Direba.

"Maganin zuciya ne, Baffa." Muryarta ba ta tashi ba. "Dukkansu. Da sunansa a jiki."

Direba ya ajiye makullinsa a hankali. Ya ce, "Ni na sha kai shi kantin magani. Ce min yake na ciwon baya ne."

Nas ba ta kalle shi ba, uwarta ta kalla. "Kin sani?"

"Ban sani ba," in ji Mai Guga. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta yi mata daɗi a baki ba. Ta dubi kwalaben nan a jere. Duk tsawon lokacin suna saman kabad, a ƙarƙashinsu take kwana. Da sau ɗaya ta kashe dutse ta zauna, da sau ɗaya ta ce to buɗe mu gani, da ta tambaye shi kwalaben me ne waɗannan. Ko shi ya sa yake ta naci? Wannan tambayar babu mai amsa mata ita kuma.

Mai Kitso ta ce, "Ko a mayar da shi a rufe?"

"A'a," in ji Nas. Ta zazzage kwalaben a kan tebur, ta buɗe ɗan littafin. "Tunda an sauko da shi, a yi."

Ta yi musu bayani kamar yadda take yi wa masu jinya, dalla-dalla ba murmushi. Gidan ɗakuna ne na kwali, duk a kife suke, sai ka shiga ɗaki za a juya shi ka ga abin da ke ciki. Kowa yana da fitila, ƴan faya-fayan nan masu ruwan ɗorawa su ne man fitilar. Idan kowa ya yi tafiyarsa sai Inuwa ta yi tata, kuma wanda fitilarsa ta fi rauni take bi. Makulli ake nema, da ƙofar fita. Akwai katin magani, akwai na ƙarin mai, akwai kuma wani mugu mai hoton baƙin hannu. Ta ɗaga shi kowa ya gani.

"Wanda ya ja wannan, Inuwa ta taɓa shi. Sai mai magani ya zo ɗakin da yake ya ba shi. Idan katin ƙararrawa ya fito ba a yi masa magani ba, ya faɗi. Idan mutum ɗaya ya faɗi, duk mun faɗi. Shi ya sa kowa zai ajiye katinsa a buɗe a gabansa."

"A buɗe?" Direba ya riga ya manna nasa a ƙirji. "Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa nuna wa mutum katina ba."

"Baffa, ba da kai muke faɗa ba."

"Haka ake cewa kafin a cuce ka. To wai idan na riga kowa fita, me zan samu?"

"Babu."

"Wanda ya ƙago wasan nan bai taɓa tuƙi a kasuwa ba," in ji shi, ya ajiye katunan yana ƙunƙuni, amma ya bar yatsa ɗaya a kan na ƙarshe.

Da farko shirme aka yi ta yi. Mai Kitso ta ƙi shiga kowane ɗaki, ta maƙale ɗan mutum-mutuminta a bakin ƙofar shiga ta ce ita za ta yi gadin takalma. Da aka matsa mata ta juya ɗakin farko, sai ga hoton madubi da fuska a ciki, ta saki ƙara ta jefar da kwalin ya faɗa cikin shayin Direba. Shi kuma ya sheƙa a guje shi kaɗai har can ƙuryar gida wai yana neman makulli, mansa ya kusa ƙarewa, Inuwa ta juyo kansa, ya fara ihu: "Jama'a ku taimaka, ina da iyali!"

"Ɗazu ka ce kowa tasa ta fisshe shi," in ji Mai Kitso.

"Ɗazu ɗazu ne, Hajiya, yanzu yanzu ne. Matar Yaya, ki tuna zumunci!"

Mai Guga ta tura masa mai biyu daga nata. A lokacin ne ta ji wani ɗan sauti daga ɗaya gefen teburin, ta ɗaga kai. Nas ce, ta sa bayan hannu a baki. Rabon da ta ji dariyar yarinyar nan tun ubanta na raye.

Sannu a hankali wasan ya fara shiga kansu. Aka daina ihu aka fara shawara. Kai bi ta nan, ke tsaya ki jira ni, kada a bar Mai Kitso a baya. Nas ta samu katin magani ta ajiye shi a buɗe a gabanta, ta matso da kujerarta don ta ga allon da kyau, har gwiwarta tana taɓa ta uwarta ba ta janye ba. Direba ya tono makulli a cikin wani tsohon akwati ya miƙe tsaye yana yi wa kansa kirari. Ƙofar fita ta bayyana a can ƙarshen dogon lungu, Nas ce ta fi kowa kusa da ita.

Mai Guga tana baya, a ɗakin girkin gidan. Ta ja kati. Ba ta iya karatu sosai ba, amma hoton ba ya bukatar karatu. Baƙin hannu ne.

Ta dubi allon. Tsakaninta da ƴarta akwai lungun nan mai duhu, Inuwa tana tsaye a tsakiyarsa. In ta nuna katin, Nas za ta baro bakin ƙofa ta juyo baya, ta ratsa ta gaban abin nan da ɗan man da ya rage mata, saboda uwarta. Hankalin kowa yana kan Direba da kirarinsa. Hannun Mai Guga ya san aikinsa tun kafin ta yi tunani. Shekara da shekaru in tabo ya ƙi fita a rigar mutum, ninke ta take yi tabon ya koma ciki, a ga wajen fes. Ta tura katin ƙarƙashin farantin kofinta.

"Me kika samu, Umma?"

"Ba komai. Ɗakin wofi ne."

Aka ci gaba. Kowa ya lallaɓa ya bi gefen bango, Mai Kitso tana salati a kowane taku. Mai Guga ma ta samu ta wuce Inuwa, ta ba ƴarta sauran manta guda. Farantin nan kuwa ji take kamar garwashi aka ajiye mata a gefen hannu. Har suka taru su huɗu a bakin ƙofa, saura kati ɗaya a juya a saka makulli. Nas ta juya shi. Ƙararrawa ce.

Ta karanta da ƙarfi, "Duk mai ɗauke da baƙin hannu ya faɗi." Ta waiga ta dubi katunan kowa a kan tebur, fuskarta ta washe. "Babu mai shi. Mun fita! Baffa, sa makullin!"

Direba ya ɗaga hannu sama. Mai Kitso ta fara tafi.

Shiru kawai Mai Guga za ta yi. Za a tashi da murna, yarinyar za ta kwana da wannan dariyar, gobe ta ɗauki jakarta ta tafi da ita. Idan an watse sai ta zare katin ta mayar cikin roba, ba wanda zai sani har abada. Ta ɗaga ido, sai ga fararen kwalaben a jere a gefen tebur, babu komai a cikinsu. Shi ma haka ya yi shiru, kowa yana ta dariya.

Ta ɗaga farantin. Katin ya jiƙe da ɗigon shayi, ta ɓamɓaro shi ta ajiye a tsakiyar allo.

Hannun Direba ya sauko a hankali.

"Tun yaushe?" in ji Nas.

"Tun ɗakin girki."

"Maganin yana gabana. A buɗe na ajiye shi, kina gani."

"Ban so ki dawo baya saboda ni ba. Kin riga kin kai ƙofa."

"To me zan yi da shi a bakin ƙofa? Ado?" Ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi a bayanta. "Ku duk haka kuke! Daga safe har yamma ina awon jinin mutanen da ban san daga inda suka fito ba. A hanya ma tare ni ake yi a nuna min ƙurji. Amma ubana yana haɗiyar wannan a bayan ƙofa, muna cin abinci a tebur ɗaya, bai ga na isa ya faɗa min ba. Yanzu ke ma. A wasa ma, Umma? A wasan kwali?"

Mai Kitso ta miƙa hannu za ta riƙe ta, ta kauce.

"Na ga ƙafafunsa sun kumbura," in ji Nas, yanzu muryar ta karye. "Da idona na gani. Na ce masa tsayuwar shago ce, ya riƙa ɗora su a kan filo. Ni na ce masa haka. Ni da na yi karatun."

Sai a lokacin Mai Guga ta gane. Duk watannin nan da yarinyar take shigewa ɗaki da farantinta, ashe ba fuskar uwarta take gudu don tana ganin laifinta ba. Nata baƙin hannun take zaune a kai. Su biyu a gida ɗaya, bango ɗaya a tsakani, kowa ya ninke tabonsa ciki.

Ba ta iya dogon zance ba, ba ta kuma taɓa iya lallashi ba. Ta tashi ta ɗaga kujerar da ta faɗi ta mayar wurinta. Ta ce, "Ni ma na gan shi yana tsayawa a tsakiyar matakala. Ya ce min matakalar ce ta ƙara tsawo, na yi dariya." Abin da ya rage ya fi wannan wuya, don shi bai wuce ba tukuna. "Kuma akwai wani. Kaina yana sara min ta nan baya, ya kwana biyu. In na sunkuya ɗaukar kwandon kaya sai in ga duhu-duhu. Shekaranjiya sai da na zauna a ƙasa."

Nas ta kalle ta, ido jawur. "Shekaranjiya."

"Kina ta haɗa kaya. Ban so in tsayar da ke ba."

"Matar Yaya," in ji Direba a hankali, "wallahi ke da Yaya Allah ne ya haɗa ku."

Nas ta nufi jakar da ke bakin ƙofa, ta kwantar da ita ta zuge. Abin awon jinin yana can ƙasa, don shi ta fara sakawa. Ta yi ta zaro kaya tana jefarwa a ƙasa, riguna, zannuwa, fararen kayan aiki da uwarta ta goge ta ninke mata, har ta kai gare shi. Ta dawo ta naɗe hannun rigar uwarta, ta ɗaura, ta matsa. Ana jin hucin abin. Ta dubi lambar, ta sake dubawa.

"Ya hau," ta ce. "Bai kai na tashin hankali yau ba, amma ya hau. Gobe da safe tare za mu tafi asibiti. Kada ki ce min kaya."

"Ban ce ba."

"Kin kusa."

Mai Kitso ta share ido da gefen mayafi, sai ta ji kibiyar tsifa a kanta, ta zaro ta tana kallo. "La ila, da wannan nake yawo ba wanda ya faɗa min?"

"Gidan ɓoye-ɓoye kika shigo, Hajiya," in ji Direba. Ya tattara katunan yana karkaɗa su. "To ni dai ban yarda fatalwar kwali ta ci ni ba. A sake. Wannan karon duk wanda ya ɓoye kati, shi zai wanke kofuna." Ya zaro wani daga cikin hannun rigarsa ya mayar cikin sauran, kamar ba shi ba.

Mai Guga ta dubi kayan da ke zube a bakin ƙofa. Sun yamutse, farar rigar aikin ma an taka gefenta. Ƙafarta har ta juya, hannunta na ƙaiƙayin dutsen guga.

"Bar su, Umma," in ji Nas, tana kife ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce za a mayar da su jaka ba, ba ta ce ba za a mayar ba. Ta tura mata ɗan mutum-mutuminta. "Ke za ki fara."

Mai Guga ta zauna. Ta ɗauke kofin da farantin ta ajiye su a ƙasa, nesa da hannunta, sannan ta ja katin farko ta shimfiɗa shi a buɗe.